Kalmar da Aka Sato

Tasalla ta shigo rumfata da hantsi,
jarida a naɗe cikin mayafi.
Ta shimfiɗa ta kan tsofaffin littattafan da nake sayarwa
a bakin Taminus, jikin kangon kasuwa.
Ga ɗanta Sallau a hoto, buhun masara a ka,
silifas ɗaya a ƙafa, ɗayan turmutsutsu ya cinye
ranar da aka fasa rumbun gwamnati.
Ƙarƙashin hoton kalma guda ce, baƙa ƙirin.
Ta ce, Malam, wane suna suka raɗa masa?
Ni dai Sallau na san an yanka wa rago.

Na ce, luta suka rubuta.
Ta juya ta a baki kamar ƙwallon goruba.

Na jawo ƙamus ɗin nan da gara ta cinye wa bango,
na lashi yatsa, na bi layi.
Mai wawaso, in ji shi, mai kwasar ganima
in gari ya rikice, masu gadi sun ranta a na kare.
Sai ga ƙananan baƙaƙe, irin na sai da tabarau:
wai kalmar ba 'yar Ingila ba ce.
A Indiya aka yanke mata cibi, lut ake kiranta a gida.
Sojan kamfani suka tarar da ita a bakin jama'a,
suka ɗaure ta a akwati
tare da zinariya da alharini,
ta hau jirgin ruwa ba ta yi sallama da kowa ba.

Na yi dariya har tari ya sarƙe ni.
Ashe ɓarawo ya haɗa har da ihun da aka yi masa!

Tasalla ba ta dara ba.
Ni ma sai dariyar ta tsaya mini a maƙoshi,
don na tuna kakana Ɗan'azumi, mutumin Kazaure,
shekara goma sha tara yana wanke kuza
a kan 'yan sulalla, har ƙirjinsa ya koma gwangwani.
Jirgin ƙasa ya tafi da tudu, ya bar mana rami.
Bi hanyar Barikin Ladi ki gani:
ruwa kore shar, kwance, ba ya motsi.
A ɗaya ciki ƙanen abokina Davou ya nutse,
daidai inda gonar accar ubansu take a da.
Na buɗe shafi gaba, na buɗe baya,
ban ga hoton kowa ba.
Wanda ya kwasa da jirgi, an sa wa titi sunansa.
Wanda ke kwasa da biro, jiniya ke share masa hanya.

Mu ma kada mu cika baki.
Ganima raƙumi ya kawo mana ita,
an kuwa raba ta a ƙasar nan, an buga wa masu rabon tambari.
Ban kuma ce Sallau waliyyi ba ne.
Ran nan har kwanon rufi aka ɓamɓare, har ƙofa,
an tattake wata tsohuwa ba wanda ya waiwaya.

Na ce, to masarar fa?
Ta ce, rabi ƙwari sun riga mu.
Shi kuma kwanansa huɗu a caji ofis.

Ta sa farce ta bi gefen hoton a hankali,
ta yage ɗanta, ta cusa shi a lalita.
Kalmar ta bar mini a kan tebur.
Da yamma yarinya mai ƙosai ta zo neman takarda,
na ba ta.